Na kalli darussan poka na Daniel Negreanu a MasterClass, ga ra'ayina kafin wani ya zuba dalarsa

Jama'a barkanmu. Tun da na ɗora hoton allon wayata ina kallon darussan nan mutane ke ta tambayata a inbos, wasu na son sanin ko abin ya ci kuɗinsa, wasu kuma wa'azi suka zo yi min, kuma duka ɓangarorin biyu na ga suna da hujja shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a wuri ɗaya kowa ya karanta.

Abin da ake sayarwa dai shi ne jerin darussan bidiyo guda 38 a kan poka, wato wani wasan karta da ake zuba kuɗi a cikinsa, da Daniel Negreanu ya yi wa kamfanin MasterClass, sun fito a 2018, in ka haɗa su gaba ɗaya sun haura awa bakwai, akwai kuma ɗan littafin bita da ake saukewa. Ba a sayar da darasinsa shi kaɗai, rajistar shekara guda kake biya da dala sai a buɗe maka duk azuzuwan da ke manhajar, har da na girki da rubutu da kasuwanci, da kuma wani ajin poka na Phil Ivey, shi ma ƙwararren ɗan wasa ne, wanda ya fito a 2019 amma bai kai wannan tsawo ba.

Bari in fara da maganar da na san tana bakin kowa. Caca haramun ce, ba ni da wata kwana-kwana a kai, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su. Ni ban taɓa sa ko naira ɗaya a wasan nan ba kuma ba na fatan in sa. A majalisarmu ta Tudun Wada da 'ya'yan ashana muke yi, kowa a ƙirga masa nasa, in sun ƙare ka koma gefe ka sha shayinka kana kallo. Na san akwai malaman da ko hakan ba su yarda da shi ba, kuma ina girmama wannan fahimtar, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari kawai. Abin da ya ja ni ga wasan lissafin da ke ciki ne da karantar mutum, kuma a kan wannan ma'aunin zan auna darussan.

To wane ne mutumin ma? An haife shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1974, iyayensa 'yan Romaniya ne da suka yi hijira can. Bai gama sakandare ba, ya bar makaranta ya koma gidajen sunuka da teburan karta na garinsu, da ya tara 'yan kuɗi yana ɗan shekara 22 ya ɗauki jaka ya nufi Las Begas yana ganin ya iya, garin ya wanke shi tas ya dawo gida hannu rabbana ya sake tarawa daga farko. A 1998 ya ci munduwarsa ta farko a gasar duniya ta WSOP, yana da shekara 23, lokacin babu wanda ya taɓa cin ta da ƙarancin shekaru kamarsa, daga nan laƙabin Kid Poker ya bi shi har yau da furfura ta fara fito masa. Ita munduwar nan ta zinare ita ce kamar kofi a wajensu, da ita ake ƙirga girman ɗan wasa. 2004 ita ce shekarar da ya fi haskawa, ya zama gwarzon shekara na WSOP ya kuma ci manyan gasa biyu na WPT, wani jerin gasannin poka na daban, a shekarar. Ya sake zama gwarzon shekara a 2013. A 2014 ya zo na biyu a gasar da kuɗin shigarta kaɗai dala miliyan ɗaya ne, wani yaro Dan Colman ya doke shi a ƙarshe, duk da haka ya tashi da sama da dala miliyan 8, kuma a shekarar aka sa shi a jerin gwarazan wasan na dindindin. Tun daga 2013 sai da ya yi shekara goma sha ɗaya bai sake ganin munduwa ba, sai 2024 ya ci ta bakwai a gasar da ake shiga da dala dubu 50 wadda ake cakuɗa nau'o'in poka daban-daban a cikinta, wadda su kansu 'yan wasan suka fi ganin girmanta don ba mai cin ta sai wanda ya iya komai. Jimillar abin da ya ci a gasanni ya haura dala miliyan 50.

Don haka batun ko malamin ya san abin da yake koyarwa ma bai taso ba. Tambayar ita ce ya iya koyarwa? Wallahi ya iya. Mutum ne mai surutu dama, duk wanda ya taɓa ganinsa a tebur ya san bakinsa ba ya shiru, yana raha da kowa yana jan mutane da hira, kuma wannan halin ya taimake shi sosai a gaban kyamara. Turancinsa a buɗe yake ba irin na masu taunar harshe ba, akwai rubutu a ƙasan allo kuma in wani abu ya wuce ka.

Darasin da ya fi tsaya min shi ne na yadda ake tunanin katin abokin karawa. Mu da a majalisa abin da muke yi shi ne mutum ya ƙura wa ɗan uwansa ido ya ce wannan as biyu gare shi, ya kafe a kan haka. Shi kuwa cewa yake kar ka taɓa ɗora mutum a kan kati ɗaya tak, ka ɗora shi a kan jerin duk katunan da zai iya yin abin da ya yi da su, sai ka riƙa rage jerin da kowane motsi da ya ƙara yi. Kuma abin yana da ƙirge. Karta 52 ce, kati biyun da ake ba ka a hannu suna iya zuwa ta hanya 1,326. As biyu hanya 6 kawai suke haɗuwa, amma as da sarki hanya 16 ne, kenan in mutum ya ɗaga zubi da ƙarfi kuma ka san da ɗayan biyun nan yake yin haka, to as da sarki ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, kuma in kai kanka kana riƙe da as ɗaya to as biyun nasa ya ragu zuwa hanya 3. Da na gane wannan sai na ga ashe duk shekarun nan da ake cewa Negreanu yana gani har hanji, yana faɗa wa mutum katin da ke hannunsa a fili kuma ya dace, ba duba ba ne ba kuma tsafi ba, ragewa yake ta yi a kansa har sai abu biyu ko uku sun saura sannan ya duba fuskar mutum ya zaɓi ɗaya.

Haka ma lissafin ko bin zubi ya dace. Misali akwai ashana 100 a tsakiya, wani ya ƙara 50, kai za ka sa 50 don neman 150, kenan sai in kana da damar ci sau ɗaya cikin huɗu abin zai biya ka. In kana jiran kati ɗaya ne ya cika maka biyar masu alama iri ɗaya, kati 9 ne suka rage da za su yi maka, kuma in saura kati ɗaya a buɗe damarka ba ta kai ɗaya cikin biyar ba ma, don haka ajiyewa ya kamata ka yi komai kyan da katin ya yi maka a ido. Wannan ɗan lissafin kaɗai ya canza yadda rabin majalisarmu ke wasa, don da can duk wanda ya ga yana jiran kati to sai ya bi har ƙarshe yana cewa jikinsa ya ba shi.

Sai salon da aka fi saninsa da shi, wanda suke kira smol bol. Maimakon ka zauna kana jiran babban kati ka zuba komai lokaci ɗaya, sai ka riƙa shiga hannu da yawa, wato zagayen rabon kati, da ƙaramin zubi, musamman in kujerarka ce ta ƙarshen magana don ka riga ka ga abin da kowa ya yi, ka kwashi ƙananan kuɗin tsakiya da ba wanda ya damu da su, in ka ji turjiya ka janye ba ka yi asara mai yawa ba, in kuma ɗan katinka da ba wanda ya zata ya haɗu to ranar mai babban kati zai biya ka da yawa. Duk wanda ya san 'yan kasuwar Sheikh Gumi masu cin ƙaramar riba a kan kaya amma ciniki ba ya yanke musu tun safe har magariba ya riga ya gane tsarin. Sai dai salon yana buƙatar ka fi abokan wasanka iya karatu bayan an shimfiɗa katunan tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da biyun da ke hannunsa, don kullum kana cikin hannu da kati mai rauni kana yanke hukunci mai wuya, wanda bai ƙware ba in ya kwaikwaya zai riƙa zubar da nasa kaɗan-kaɗan ne bai ma lura ba.

Ɓangaren karantar jiki shi ne ya fi daɗin kallo, don yana kawo bidiyon wasanni na gaske yana tsayarwa yana nuna maka abin da ya gani. Kuma abin yana aiki a nan ma. Akwai wani tela a cikinmu, shagonsa na wajen Kasuwar Barci, mutum mai natsuwa wanda ba ka jin bakinsa, mun daɗe muna ganin ba a iya karanta shi. Bayan na kalli darussan nan sai na daina kallon katin da ake buɗewa na koma kallonsa shi, sai ga shi duk lokacin da kati ya yi masa idonsa zai sauka kan tarin ashanarsa na ɗan ƙiftawa ɗaya sannan ya ɗauke kai ya kalli titi kamar ba ruwansa, in kuma bai samu komai ba sai ya daɗe yana ƙura wa katunan tsakiya ido kamar mai jiran su canza. Da na faɗa masa ya yi dariya ya ce Malam ai ka cuce ni da ka yi shiru tuntuni, yanzu hularsa yake jawowa har gira. Amma shi Negreanu da kansa yana jan kunne cewa irin wannan alamar ƙari ce kawai, in lissafi ya ce ka ajiye to ƙifta ido ɗaya bai isa ya sa ka bi ba, sai ka san yadda mutum yake in yana zaune lafiya kafin ka ce ya canza.

Yanzu inda nake da ƙorafi. Na farko ba na ɗan koyo ba ne na ranar farko, in ba ka san wane haɗi ne ya fi wane ba ko yadda zagayen zubi ke tafiya za ka ɓata tun a darussan farko, sai ka fara zuwa YouTube ka koyi ƙa'idoji kyauta tukunna. Na biyu kusan komai a kan nau'i ɗaya ne, wato holdam, wanda ake ba kowa kati biyu a buɗe biyar a tsakiya, marar iyakar zubi, alhali mutumin nan gwanin nau'o'i da yawa ne, na so a ce ya taɓa sauran ko da kaɗan ne. Na uku kallo ne kawai, ba mai duba wasanka ya ce ga inda ka kauce, ba mai amsa maka tambaya.

Na huɗu shi ne babba, shekarun darussan. Tun wajen 2015 manhajojin lissafi da suke kira solba suka shigo suka juya wasan, kwamfuta ce ke fitar da yadda ya kamata a buga kowane hannu ta yadda ba mai iya cin galabarka ko da ya san tsarinka, a 2017 ma wata kwamfutar jami'ar Carnegie Mellon mai suna Libratus ta lallasa ƙwararru huɗu a wasan mutum biyu. Yaran da suka taso da wannan ba ruwansu da kallon fuska. Negreanu ya taɓo wannan a darussan, ba zan ce bai yi ba, amma an ɗauke su ne kafin babbar jarrabawar da ya sha. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 ya kara da wani ƙwararren ɗan wasa Doug Polk, wanda suka daɗe ba sa ga maciji, hannu 25,000 su biyu kawai kusan duka ta intanet, fagen da Polk ya fi kowa sani, kuma Negreanu ya tashi da asarar kusan dala miliyan 1.2. Bai gama farfaɗowa ba wani gwanin kuma, Phil Hellmuth, ya doke shi sau uku a jere a wata karawar talabijin a 2021. Abin da ya burge ni shi ne bai ce sa'a ce kawai ba ya yi zuciya, ya koma ya zauna da masu horarwa da kwamfuta kamar ɗan firamare yana da shekara kusan hamsin, a 2022 ya ci wata babbar gasa ta dala miliyan 3.3, sannan munduwar 2024 ta biyo. To wannan Negreanu na biyun, wanda ya sha kashi ya sake gini, shi na fi son in ji yana koyarwa, kuma ba shi ne a cikin darussan nan ba. Da za su sake ɗaukar sabo da na fi murna.

Akwai wani hannu da nake so duk mai tunanin shiga harkar nan da kuɗi ya nema a YouTube ya kalla, a shirin High Stakes Poker na 2006, shi da Gus Hansen ɗan Denmak. Negreanu na riƙe da shida biyu, Hansen na da biyar biyu. Aka shimfiɗa 9 da 6 da 5, kowa ya samu uku iri ɗaya amma na Negreanu ya fi, a nan kati ɗaya tak ne a duk kartar zai ceci Hansen, biyar ɗin ƙarshe. Aka buɗe na huɗu sai ga 5. Na ƙarshe 8. Hansen ya tura duk abin da ke gabansa, Negreanu ya zauna yana lissafa katunan da za su iya doke shi da bakinsa kowa na ji, ka ga fuskar mutumin da jikinsa ya riga ya gaya masa, amma katinsa ya yi girman da ba a ajiyewa, ya bi, Hansen ya kwashe duk kuɗin tsakiya, dala 575,700, a hannu ɗaya. Wannan fa mutumin da ya fi kusan kowa iya karatu kenan kuma bai yi wani ganganci ba.

Kuma shi mutum ne da ke wallafa lissafinsa na shekara a fili, abin da da yawansu ba sa yi. A 2017 ya ci kusan dala miliyan 2.8 a gasanni amma kuɗin shiga da ya biya sun fi haka, kenan faɗuwa ya yi. A 2023 asararsa ta haura dala miliyan 2. Don haka in ka ji an ce ya ci miliyan 50 ka sani ba a cire kuɗin shiga ba, ba a cire haraji ba, ba a cire kason waɗanda suka sa masa hannun jari ba. Abin da ya riƙe shi tsawon shekaru har da kwangilar talla, ya yi shekara goma sha biyu yana tallata shafin pokar intanet na PokerStars daga 2007 zuwa 2019 sannan ya koma wani irinsa GGPoker, ga kuma irin wannan darasin da mu muke biya. Ina faɗin wannan ne don ina ganin ƙannenmu a Kawo da Rigasa da Unguwar Rimi, yaro ya wuni a shagon bet da 'yar takarda a hannu yana jiran wasa ɗaya ya shigo, kuɗin da ya samu a kabu-kabu ko ɗinki ya tafi, wani har wayar mahaifiyarsa ya sayar. Ba na so ko mutum ɗaya ya karanta rubutuna ya ce ga wata sabuwar hanyar arziki. Darussan suna da sashe kan tattalin jari da kan yadda zuciya ke ɗibar mutum bayan asara ya riƙa zubawa don ya rama, kuma sashen yana da kyau, amma an gina shi ne a kan cewa ka riga ka yanke shawarar yin caca, ba inda zai ce maka kar ka fara. Wannan ni ne nake faɗa maka.

Batun kuɗi da data kuma, da canjin dala na yanzu rajistar shekara ba ƙaramin abu ba ce ga mai albashin Kaduna, kuma katin naira na bankina bai wuce ba sai da na nemi katin dala na intanet. Bidiyon masu nauyi ne, hoton tsaf kamar fim, don haka suna shan data sosai in ba ka rage ingancin ba, ni da daddare nake kallo lokacin garaɓasar dare in layin ya yarda. Ba kowane tsarin rajista ne ke ba ka damar saukewa ka kalla ba data ba, ka duba da kyau kafin ka zaɓa.

Wa zan ce ya saya? Wanda dama yana son sauran azuzuwan manhajar, to wannan ya shiga cikin waɗanda zai kalla, ko ɗan kasuwa ne ko ɗalibin lissafi zai ƙaru da yadda ake yanke hukunci alhali ba ka da cikakken bayani, da yadda ake raba kyan shawara da kyan sakamako. Wanda kuma poka kaɗai ta kawo shi don sha'awa irin tamu ta ashana, gaskiya ya fara da tashar Negreanu ta YouTube, kyauta ce, duk lokacin gasar WSOP yana sakin bidiyo kusan kullum yana bayanin hannuwan da ya buga da dalilinsa, ranar ci da ranar faɗuwa duka, kuma wannan shi ne tunaninsa na yanzu ba na 2018 ba. In maki ake so na ba koyarwar 8 cikin 10, dacewar farashin da aljihunmu kuma 4. Wanda ya riga ya yi rajista ya shiga saitin asusunsa ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, don in shekara ta zagayo cirewa za a yi daga katin ba sai ka sake danna komai ba.